Gidan Kwana Ya Koma Gidan Abinci: Wa Ke Tsara Sabuwar Nasarawa?

Wanda ya san Nasarawa GRA ta Kano shekara 20 da suka wuce, in aka sauke shi yau bayan sallar isha'i a titin Audu Bako ko Lodge Road ko Sultan Road, sai ya yi tambaya kafin ya gane inda yake. A da unguwa ce ta dogayen katangu da inuwar darbejiya da mangwaro, wadda ƙarfe tara na dare ba ka jin komai a cikinta sai haushin kare da rediyon mai gadi. Yanzu an rushe katangar gaba a gidaje da dama, an sa gilashi a gurbinta, an ƙawata da fitilu. Nan gidan cin abinci, can gidan burodi da kek, gaba kaɗan wurin shan shayi da gahawa, sai kantin kayan masarufi, sai kantin magani, sai shagon abaya da turaren wuta. Abin kuma bai tsaya a Nasarawa ba, ya bi Zoo Road da Bompai da Hotoro da titin Maiduguri, ya miƙa ta titin BUK har Kabuga da Rijiyar Zaki. Wasu na ganin wannan shi ne cigaban da aka daɗe ana jira, wasu kuma na ganin alama ce ta lalacewar zamani. A nawa ganin, waɗannan wurare alheri ne ga Kano, kuma babu hikima a yaƙar su. Sai dai ana buɗe su ne gida ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an zauna an yanke wane titi ne na kasuwa, wane ne na kwana ba, kuma maƙwabta ne ke biyan kuɗin wannan rashin tsari, su da masu zuba jarin kansu.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san yadda aka zo nan. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, sun keɓe wa kansu Nasarawa da Bompai a wajen ganuwa, suka yanka manyan filaye, kowane gida da farfajiyarsa da ɗakunan barori a baya, aka bar tazara mai yawa tsakaninsu da talakawan gari. Da aka sami 'yancin kai a 1960, manyan ma'aikatan gwamnati da alƙalai da likitoci da attajirai suka gaji unguwar yadda take. A farkon shekarun 1960 wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya rubuta wa Kano tsarin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda ya ware wuraren zama da na masana'antu da na kasuwanci. Wa'adin wannan tsari ya ƙare sama da shekara 40 da suka wuce, garin kuma bai jira kowa ba. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum sama da miliyan 9, kuma kowa ya ga yadda birnin ya haɗiye ƙauyukan da ke kewaye da shi tun daga lokacin. Nasarawa da a da take gefen gari ta wayi gari a tsakiya, ga tituna masu faɗi, ga gidan gwamnati kusa, ga manyan asibitoci da ofisoshi. Duk ɗan kasuwar da ya san abin da yake yi, nan idonsa zai fara sauka.

Akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗa a fili ba, shi ne gado. Da yawa daga cikin dattawan da suka mallaki waɗannan gidaje a shekarun 1970 da 1980 sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Mutum ya bar mata biyu ko uku da 'ya'ya goma sha, ya bar gida ɗaya mai faɗin gaske wanda ba ya rabuwa ɗaki-ɗaki yadda kowa zai gamsu. Ko dai a yi masa kuɗi a sayar a raba, ko a ba da haya a riƙa raba abin da ya shigo. A kowane hali, wanda zai fi biya shi ne mai son yin kasuwanci a wurin, domin magidanci da albashi yake biyan haya, mai gidan abinci kuwa da cinikin kullum. Dillalai sun san haka, magada ma sun sani. Ga shi kuma darajar naira tana ta zubewa, har mai kuɗi ya fi son ya mayar da abin hannunsa bulo da siminti maimakon ya bar shi a banki yana narkewa. Shi ya sa gida ɗaya da aka saya yake komawa rukunin shaguna mai hawa biyu ko uku. Ban ga laifin magajin da ya sayar ba, haƙƙinsa ne da shari'a ta ba shi. Amma abin da ya zama halak ga gida ɗaya, in gidaje hamsin suka yi shi a titi ɗaya, to unguwar gaba ɗaya ce ta sauya, kuma wannan ya wuce hurumin magada.

Su wa ke ciniki a waɗannan wurare? Masu cewa 'ya'yan masu kuɗi ne kawai ba su duba da kyau ba. Da farko dai zaman lafiya ne ya dawo da dare. Bayan harin 20 ga Janairun 2012 da na babban masallacin Juma'a na birni a Nuwamban 2014, Kano ta yi shekaru mutane na gaggawar shiga gida da magariba, ga shingayen jami'an tsaro ko'ina. Da tsoro ya ragu sai fita ta dawo, ta kuma tarar da sabon zubin matasa: ɗaliban Jami'ar Bayero da sauran jami'o'in gwamnati da masu zaman kansu da suka ƙaru a garin, da waɗanda suka yi karatu a Sudan da Masar da Indiya da Malesiya suka dawo da sabon ɗanɗano, da ma'aikatan bankuna da ƙungiyoyin agaji da ba sa komawa gida cin abincin rana. Masu zuwa Umara da Hajji sun daɗe da sanin shawarma da shinkafar mandi da shayin Larabawa mai na'ana'a, abin da ya rage kawai a sami mai yi a gida. Wayar hannu ta ƙarasa sauran aikin. Mace ta fara yin samosa da kek a kicin ɗinta, ta sa hoto a Instagram ko WhatsApp, a turo mata kuɗi ta waya, ɗan aike ya kai. Ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023 lokacin sauya fasalin naira ya koya wa har waɗanda ba sa so yadda ake biya ba tare da an taɓa tsabar kuɗi ba. In oda ta yi yawa, kicin ya yi kaɗan, mataki na gaba shi ne kama shago. Da yawa daga cikin wuraren da ake gani da fitilu a bakin titi daga murhun cikin gida suka taso.

A nan ne nake ganin babban alherin da ba a yaba masa yadda ya kamata. Garin Kano ya daɗe da wuraren zama na maza: majalisa a ƙofar gida, dakalin masallaci, bencin mai shayi, wurin mai tsire. Mace kuwa, in ba gidan biki ko suna ko asibiti ba, da wuya ta sami wurin da za ta zauna a waje da mutuncinta ba tare da an bi ta da kallo ba. Sabbin gidajen abincin nan sun buɗe ƙofar da magidanci zai ɗauki iyalinsa ranar Asabar su ci abinci tare, ƙawaye su haɗu su tsara biki, 'yar kasuwa ta gana da wadda za ta sari kayanta, ɗalibai su yi bitar karatu a inda akwai wuta da intanet. Kuma mata da yawa su ne masu wuraren, su ne manajoji, su ne masu girki da karɓar kuɗi. Duk wanda ke kukan yadda ake ɗora wa yara mata talla suna yawo a tasha da gareji, ya kamata ya yi murna da ganin sana'ar abinci, wadda dama ta mata ce, ta sami wurin zama mai rufi da ƙofa.

Masu adawa na cewa waɗannan wurare za su kashe mai shayi da mai ƙosai da ƙaramin mai kanti na cikin unguwa. Tsoron yana da tushe, amma a duba teburin mai shayi da kyau. Ga tukunyar ruwan zafi a kan gawayi ko ƙaramin gas, ga gwangwanayen madara an jera su hawa-hawa, ga burodi a leda, ga kiret ɗin ƙwai da kwalin indomi, ga benci biyu da rediyo. Yana haɗa shayi yana ɗaga kofi sama yana zubawa a wani don ya huce, yana sauraron musun siyasa da na ƙwallo, ya san wanda ke son kauri da wanda ba ya shan sukari, ya san leburan da bai sami aiki yau ba, ya rubuta masa a littafi sai ranar da ya samu. Babu gidan gahawa mai gilashi da zai ba ɗan adaidaita sahu bashin shayi da burodi da asuba. Kasuwarsu daban ce, kuma sau da yawa sabon wurin ciniki yake kawo wa tsohon, domin masu gadi da direbobi da 'yan aike da masu wanke kwanuka na sabon gidan abincin ba sa iya sayen abin da ake dafawa a ciki, wurin mai shayi da mai awara na bakin titi suke cin nasu. Abin da ke kashe mai shayi shi ne a kore shi daga gindin bishiyar da ya shekara goma a ƙarƙashinta don a yi wa motocin baƙi wurin tsayawa. Wannan kuwa matsalar fili ce, kuma zan dawo kanta.

Maganar aikin yi gaskiya ce, amma tana buƙatar awo. Gidan abinci matsakaici yana ɗaukar kuku da mataimakansa, masu kai abinci tebur, mai karɓar kuɗi, mai shara, mai gadi, 'yan aike, ban da kafinta da mai walda da mai gyaran firiji da janareta da ke samun aiki lokaci-lokaci. Sai dai albashin da yawansu bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ba, balle naira 71,000 da gwamnatin Kano ta amince wa ma'aikatanta, kuma awannin aikin su kan kai tsakar dare. Sannan akwai tambayar inda kuɗin cinikin ke tafiya. Wurin da abincinsa fiza ne da dankalin da aka daskarar aka shigo da shi da cukuin ƙasar waje, rabin ribarsa tana bin dala ne, tunda mafi yawan alkamar da ake yin fulawa da ita a Najeriya ma daga waje take zuwa. Wanda kuwa ya ɗauki masa da miyar taushe, da ɗanwake, da gurasa bandashe, da dambun shinkafa, da fura da yogot, da kunun aya da zoɓo, ya tsabtace su ya sa a faranti mai kyau, to kuɗinsa na zuwa wurin manomin shinkafa na Kura, da mai tumatir na Kadawa, da 'yan gwari na 'Yankaba, da mai hatsi na Dawanau, da Bafulatanar da ta kawo nono. Abin farin ciki shi ne irin waɗannan wurare na biyu suna ƙaruwa, kuma su ne suka fi cika.

Wata adawar ta fi wannan nauyi. Ana cewa ina amfanin gidan da ake sayar da kofin gahawa da kuɗin da zai ciyar da gida guda, a ƙasar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ke cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024? Duk mai imani zai ji wani abu a ransa in ya ga almajiri tsaye da roba a bakin gilashi yana kallon masu cin kaza. Amma rufe gidan abincin ba zai sa ko loma ɗaya a robar yaron ba. Mai kuɗin da bai kashe a Kano ba zai kashe a Abuja ko Dubai ko Alƙahira, kuku da mai gadi kuma su koma zaman kashe wando. Gilashin bai haifi ratar da ke tsakanin mai shi da mara shi ba, ya dai hana a ɓoye ta kamar yadda doguwar katanga take ɓoyewa a da. Abin da ya dace a nema daga masu wuraren shi ne su biya ma'aikata haƙƙinsu, su fitar da zakka, su biya haraji, su daina zubar da ragowar abinci mai kyau a bola alhali ga masu buƙata a ƙofa.

Masu kukan tarbiyya ma ban raina maganarsu ba. Akwai wuraren da suka fake da sayar da abinci suna tara yara ƙanana har tsakar dare da shisha da kiɗa a ɗakuna masu duhu, kuma iyaye na da gaskiya in suka tsorata. Amma a bambanta tsakanin wuri buɗaɗɗe mai haske da magidanci zai shiga da matarsa da 'ya'yansa, da lungun da ke gudun idon jama'a. Dokokin jiha da Hukumar Hisba, wadda take aiki tun 2003, suna nan don na biyun. Yi wa duka kuɗin goro zalunci ne ga masu neman halak, kuma yana tura matasa inda babu mai ganinsu.

Inda nake ganin ainihin ɓarnar shi ne bayan katanga, wurin maƙwabcin da bai sayar da gidansa ba. A ɗauki dattijon da ya yi ritaya yana zaune da iyalinsa a gidan da ya gina shekara 30 da suka wuce, sai gidan da ke jikin nasa ya koma gidan abinci. An cinye farfajiyar da gini har bakin kwata, ba a bar wurin mota ko goma ba, don haka daga la'asar motocin masu ciniki suke jeruwa a gefen titi har su toshe masa ƙofa, in rashin lafiya ta taso da dare sai an shiga ciki ana cigiyar mai mota. Janareta mai cin dizal an ajiye shi a jikin katangar ɗakin kwanansa, yana ruri har ƙarfe ɗaya, hayaƙin kicin kuma ta tagarsa yake shiga. Taransifomar da aka sa don gidaje 40 yanzu tana ɗauke da manyan firiji da tanda da na'urorin sanyaya ɗaki, in ta ƙone kuma a zo karo-karo har da shi. An haƙa rijiyar burtsatse mai zurfi, tasa ta fara ja da baya da rani. Ruwan wanke-wanke mai maiƙo yana gangarawa kwata ya daskare ya haɗu da leda da robobin abinci, damina na zuwa ruwa ya rasa hanya ya shigo masa tsakar gida. Ga manyan tukwanen gas an jingine a lungun da motar kashe gobara ba za ta iya shiga ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin lissafin mai gidan abincin, kuma babu wanda ya tambayi dattijon kafin a fara. Ƙarshenta ya gaji ya kira dillali, gidansa ma ya koma shaguna, matsalar ta matsa zuwa gida na gaba. Haka titi ke sauyawa ba don mazaunansa sun zaɓa ba, sai don zama ya gagare su. Masu haya kuwa tun kafin nan an tashe su, domin da zarar shago ɗaya ya biya miliyoyi a layin, kowane mai gida sai ya sake lissafi, malamin makaranta da tela da mai wanki da guga su tattara su nufi bayan gari.

Su kansu masu jarin rashin tsarin yana cin su. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a 2024. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin A daga kusan naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit. Gidan abinci kuwa ba ya rayuwa babu firiji da wuta da gas. Ko babban kantin Shoprite da ya buɗe a Ado Bayero Mall na Zoo Road a 2014 da gagarumin biki ya rufe reshensa na Kano a Janairun 2024, alhali kantunan 'yan gida irin su Sahad da Jifatu suna nan suna ciniki. A irin wannan yanayi, kowane ɗan kasuwa shi kaɗai yake sayen janaretansa, ya haƙa rijiyarsa, ya ɗauki masu gadinsa, ya biya mai kwashe masa shara, abubuwan da in da titin an tsara shi a matsayin na kasuwa za a iya yin su a haɗe da rabin kuɗin. Ga kuma halinmu na kwaikwayo: mutum ɗaya ya buɗe wurin shawarma ya samu, kafin shekara ta zagayo an buɗe biyar a layin, ciniki ya rabu, uku su rufe. In sun rufe kuma gidan ba ya komawa na kwana, an riga an sare itatuwan, an rushe ɗakunan, sai kango mai gilashi da allon neman mai haya.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna amana, kuma takardar mallakar da ake bayarwa tana faɗin abin da aka ba da filin dominsa, na zama ne ko na kasuwanci. Mai son sauyawa sai ya nemi izini, ginin kuma sai hukumar tsara birane ta KNUPDA ta amince da zanensa. Matsalar ita ce izinin fili ɗaya-ɗaya ake bayarwa, a ofis, tsakanin mai nema da mai sa hannu, ba tare da wata taswira da jama'a suka sani wadda za a auna buƙatar da ita ba. Izinin da aka samu ta haka kuwa ba ya da ƙarfin da ya wuce na gwamnatin da ta bayar. Kanawa sun ga misali a Yunin 2023, lokacin da sabuwar gwamnati ta rushe gine-ginen da aka yi a tsohon otal ɗin Daula da shagunan filin Idi da wasu wurare, tana cewa filayen jama'a ne da aka raba ba bisa ƙa'ida ba, masu shagunan kuma suna nuna takardun da gwamnatin baya ta ba su. Babbar kotun tarayya ta yanke diyyar naira biliyan 30 ga 'yan kasuwar filin Idi, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, dukiya ta salwanta, kuma kuɗin jama'a ne aka biya diyya da shi. Hana gini tun yana kan takarda ya fi rushe shi arha nesa ba kusa ba.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne tsara kasuwa ba baƙon abu ba ne a Kano. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15 da aka kafa kasuwar Kurmi, kowace sana'a da layinta da shugabanta, ga sarkin kasuwa mai raba gardama. Har yau mai neman atamfa Kantin Kwari zai nufa, mai neman kayan masarufi Singa, hatsi Dawanau, kayan marmari 'Yan Lemo, waya Farm Centre. A 2024 ma an ga yadda aka tashi masu sayar da magani daga Sabon Gari zuwa cibiyar da aka gina musu a Dangwauro, duk da turjiyar da aka sha. Garin da ya iya wannan ba zai gaza tsara titunan abinci da kantuna ba. A fito fili a ce titi kaza da titi kaza sun zama na kasuwanci, tunda dama sun zama, a wallafa taswirar kowa ya gani, layukan da ke bayansu kuma a bar su na kwana, kada a ba kowa izini a cikinsu komai girmansa. A titin kasuwa a gindaya sharuɗɗa kafin a buɗe ƙofa: wurin ajiye motoci gwargwadon yawan kujeru, tazara tsakanin gini da kwata don mai tafiya a ƙasa, ramin tace maiƙo kafin ruwa ya fita, janareta a rufe nesa da katangar maƙwabci, hanyar fita ta biyu da abin kashe gobara, da lokacin da za a rage sauti. A ware wa mai shayi da mai tsire da mai ƙosai gurbinsu a cikin tsarin tun farko. Kuma kafin a sauya manufar kowane fili, a liƙa sanarwa a ƙofarsa, a ba mai unguwa da maƙwabta wa'adin kawo ƙorafi.

Na san abin da 'yan kasuwa za su ce, kuma suna da hujja: duk sabuwar ƙa'ida a ƙasar nan sabon rasit ce. Mai gidan abinci yau yana karɓar baƙuncin jami'an haraji na tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma, da duba-gari, da masu kuɗin allon talla, da masu kuɗin shara, ga harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan ciniki, kowa da takardarsa. In tsari zai zama ƙarin hannu a aljihunsa, gara a bar shi yadda yake. Amsar ita ce ƙa'idar da aka rubuta aka wallafa ita ce ke rage cin hanci, domin jami'i yana samun abin murɗawa ne inda babu wanda ya san iyakar doka. A haɗa kuɗaɗen wuri guda, a biya a banki, a nuna wa mai biya kwatar da aka yashe da fitilar da aka kunna a titinsa. Wasu kuma za su ce me ya sa za a damu da GRA, unguwar da Turawa suka gina don su nisanci talaka? Ba tarihin unguwar nake karewa ba. Barcin mara lafiya da hanyar motar asibiti da kwatar da ba ta toshe ba haƙƙi ne na mazaunin Nasarawa kamar yadda yake na mazaunin Ɗorayi da Kurna da Sheka da Na'ibawa, inda wannan sauyi ya riga ya isa, ga lunguna matsattsu, ga mutanen da ba su da lambar wayar kowa a gwamnati. In ba a iya tsara titi mai faɗi da manyan filaye ba, ba za a iya tsara lungu ba.

Kiran da nake yi ga Ma'aikatar Ƙasa da KNUPDA da majalisar dokokin jiha shi ne su fitar da taswirar titunan kasuwanci na birnin Kano, su kira mazauna da 'yan kasuwa da masu unguwanni a tattauna ta a bainar jama'a, sannan a mayar da ita doka da za ta wuce wa'adin gwamnati ɗaya. Masu gidajen abinci da kantuna kuma kada su jira a zo musu da jan fenti. Su kafa ƙungiya titi-titi, su haɗa kuɗin shara da tsaro da wurin ajiye motoci, su shiga gidan maƙwabci su yi sallama su ji damuwarsa. Kai kuma mai karatu, in ka je cin abinci a irin waɗannan wurare, ka duba inda ka ajiye motarka, kada ka toshe ƙofar wani.